Ranar da Kwalaben Tumatir Suka Fashe a Kan 'Yan Tsakina

Akwai abin da zai sami mutum da safe ya manta kafin la'asar, akwai kuma wanda ko shi ya so ya manta, unguwa ba za ta bar shi ba. Nawa irin na biyun ne. Shekaru sun shuɗe, amma ranar da na haɗa kiwon 'yan tsaki da ajiyar tumatir a ɗaki ɗaya, a gidanmu na Kusfa cikin birnin Zariya, tana nan daram a raina, kuma ba na jin za ta taɓa gogewa.

Lokacin ina koyarwa a wata firamare wajen Ƙofar Kibo, sai aka sa ni cikin malaman da za su je bitar sana'o'in cikin gida. Kwana uku cur, har da ranar farko da ta ƙare a jawabin manyan baƙi da rabon lemo. Aka nuna mana hotunan kaji a bango, aka kuma bayyana mana yadda ake dafa tumatir a ɗura a kwalba ya shekara bai lalace ba. Na dawo gida ina jin duk faɗin birni babu wanda ya kai ni sanin kaza, har da ita kazar kanta.

A gidan muna tare da mahaifiyar maigidana, wadda muke kira Inna. Tun kafin a haife ni take kiwon kajin gida a akurkinta na bayan ɗaki, da dusa da ruwan jiƙon maɗaci. Tumatir kuwa in ya yi araha, yanka shi take ta shanya a kan soro ya bushe ya zama kauɗa. Na zauna gabanta cikin ladabi irin na wadda ta san ta fi mai sauraronta ilimi, na yi mata bayanin cewa duniya ta ci gaba, kaza ba sai ta yi kwanci ba, kauɗa kuma tana ɓata launin miya. Ta saurare ni har na gama, ta ce, "To Malama, Allah ya ba da sa'a." Ba ta taɓa kira na Malama ba sai ranar. Ni kuwa da yake kaina ya cika, sai na ɗauka girma aka ba ni.

Na sayo 'yan tsakin gidan gona guda hamsin, 'yan kwana ɗaya, rawaya-rawaya gwanin sha'awa. Na share ɗakin ajiyarmu, na baza garin katako a ƙasa, na rataya musu ƙwan lantarki don su sami ɗumi. A rana ta biyu aka ɗauke wuta, kamar dama jira ake in fara. Sai na kawo kaskon gawayi biyu, na toshe taga da kwali, ɗaki ya koma kamar tandar masu burodi.

A makon ne kuma tumatir ya cika kasuwa, masu lambu suna roƙon a ɗauka. Na sayo kwando uku, aka markaɗo, na wuni ina juya tukunya. Da ya yi kauri, sai basirata ta motsa: na markaɗa ɗanyar albasa da attarugu na zuba a kai bayan na sauke, don ƙamshi. Wannan ba a koya mana a bita ba, gudummawata ce ga ilimi. Na ɗura a kwalaben mayonis da na tattaro daga maƙwabta. An dai ce mana bayan an rufe kwalaben a jera su a babbar tukunya a tafasa su sosai, amma bayana ya riƙe, na kuma ga ai tumatir ya riga ya dahu, me za a sake dafawa? Na yanke hukuncin cewa malamar bitar ba ta san zafin murhu ba ne.

Inna ta zo wucewa ta ɗauki kwalba ɗaya, ta murza murfin, ta ce wannan ya yi tsatsa kuma ba ya kamawa. Ta ce wata ƙawarta ma'aikaciyar jinya a Wusasa ta daɗe tana wannan aiki, kuma ita sai ta tafasa kwalabe kafin ta zuba, ta sake tafasawa bayan ta rufe, sannan ta ajiye inda babu zafi. Na yi murmushi na ce ai wancan tsohon yayi ne. Daga nan na kwashi kwalabe ashirin da huɗu na jera a kan kanta a ɗakin 'yan tsaki, daidai saman kaskon gawayi, saboda nan ne kawai yara ba sa shiga. Inna ta dubi kantar, ta dube ni, ta wuce alwala.

Ilimi irin nawa ai bai kamata a ɓoye shi ba. Don haka na gayyaci matan da muke Islamiyya tare su zo ranar Asabar da hantsi in koya musu. Da safiyar ranar na leƙa ɗakin na ga murafen kwalabe sun kumbura, wasu har kumfa na tsattsafowa ta gefe. Mai hankali da ya tsaya ya yi tunani. Ni sai na ce a raina, lallai sun rufu da kyau, ko iska ba ta samun hanyar fita.

Mata goma sha biyu suka zo, aka shimfiɗa tabarmi a tsakar gida. Na tsaya da littafina a hannu ina bayanin yadda rashin bin ƙa'ida ke janyo wa matanmu asara. Ina cikin wannan jimlar ce muka ji ƙara kamar tayar mota ta fashe. Kafin mu gane daga ina, sai ta biyu, sai ta uku. Ɗalibaina suka watse, wasu suka yi zaure, wata ta bar takalmi ƙafa ɗaya, wata kuma ta shige banɗaki ta ja ƙofa tana salati.

Na ruga na buɗe ɗakin. Bango ja, rufi ja, ƙasa ja, 'yan tsakina hamsin sun cure a lungu jajaye sharkaf suna kuka. Na ɗora hannu a ka na fasa ihu cewa an yanka mini su. Wa zai shigo gida da rana tsaka ya yanka 'yan tsaki hamsin, ban tsaya tambayar kaina ba. Warin tsami da ya buge ni da fasassun kwalabe a ƙasa su suka gaya mini gaskiya.

Inna ce ta janye ni daga bakin ƙofa. Ta jiƙa buhu ta lulluɓe kwalaben da suka rage, ta kare fuskarta da faifai, ta riƙa fito da su ɗaya bayan ɗaya tana kaiwa bayan gida. Sannan ta kira matan nan da suka fara leƙowa, ta sa wannan ɗora ruwan ɗumi, waccan yayyaga tsohon zani, wata kuma kawo kwanduna. Matan da suka zo ɗaukar darasi wurina suka zauna a gabanta, tana nuna musu yadda ake riƙe ɗan tsako a tafin hannu a wanke shi ba tare da ruwa ya shiga hancinsa ba, a tsane shi, a sa a kwando inda rana ba ta yi zafi ba. Ni an ba ni aikin da ya dace da matsayina, wato tsintar kwalba.

Bakwai suka mutu, wasu kwalba ta yanke su, wasu 'yan'uwansu suka danne su a lungu. Da na jera su a kan kwali, jikinsu ko nauyin ƙwai bai kai ba, sai dariyar da matan ke dannewa ta daina damuna. Waɗannan ba su yi laifin komai ba, ni na kai su ƙarƙashin kantar nan da hannuna. Na yi kuka na gaske.

Duk da haka ban gama hankalta ba. Da aka natsu na ce kwalaben da ba su fashe ba ai lafiyarsu ƙalau, a yi miyar rana da su. A nan ne kawai Inna ta ɗaga murya.

"Jikokina ba za su ci wannan ba," in ji ta. "Ko kajina ba zan ba su ba. Ki haƙa rami ki binne."

Na haƙa, na binne. Da maigidana ya dawo, ya leƙa ɗakin ya daɗe yana kallo, sannan ya tambaya ko mai fenti zai dawo ya ƙarasa sauran bangon.

Sauran arba'in da ukun sun rayu sun girma, amma a hannun Inna, ni ina ɗauko ruwa da share kashi. Shekara ta zagayo na sake yin tumatir ɗin bayan na je Wusasa na wuni wajen ƙawarta ina kallo bakina a rufe, kuma ya kai mu har ƙarshen damina. Har Allah ya karɓi ran Inna ba ta taɓa ce mini ai na faɗa miki ba, ko sau ɗaya. Da ta faɗa da na sami abin jin haushi, na huta.

Abin da na koya shi ne, rabin sani ya fi rashin sani haɗari, domin wanda bai sani ba yana tambaya, mai rabin sani kuwa taro yake kira. Kuma idan babba ya gaya maka abu sau ɗaya ya yi shiru, kada ka ɗauka ka fi shi hujja ne. Ya gane ba da kunne za ka ji ba, sai ya bar ka ka ji a jikinka.