Abin Da Na Ɓoye Wa Mu'allim Habu a Aljihu

Abubuwa da yawa sun fita daga kaina, har lambar igamata sai na duba, amma ranar da aka turo mana jar motar nan tana nan zaune. Wata Asabar ce bayan alhazai sun watse, ƙarshen shekarun casa'in, ina bakanike a wata warsha, wato gareji, da ke hanyar filin jirgin Madina.

Tsarinmu shi ne: akwai mai warsha, wanda shi ne kafilinmu, sai ya sa hannu ake sabunta wa baƙo igama, wato takardar zama. Ƙarƙashinsa mu'allim, wato babban bakanike. Ƙarƙashin mu'allim irina. Namu shi ne Mu'allim Habu, Bakano, ya haura shekara ashirin a garin. Farfesa yake kirana, don ya san ajina uku a Damagaram, shi ma rabinsa a kan katanga na yi.

Mai motar, Faisal, jikan Hausawa ne, yana jin Hausa amma da Larabci yake amsawa. Motar ta Amurka ce, ƙofa biyu, giya shida ta hannu. Ya ce in ya tashi a hankali, daga giya ɗaya sai hannunsa ya faɗa huɗu, biyu ta ƙi shiga.

Mu'allim ya gwada, ya ce, "Giyabos ne. A sauke."

Ni kuwa na san ba shi ba ne, na taɓa ganin irinta a Jidda. Haka aka ƙera ta. Akwai wani ɗan ƙarfe mai aiki da lantarki a gefen giyabos, in ba ka taka totur sosai ba sai kwamfutar motar ta sa shi ya tare hanyar giya ta biyu, wai don rage shan mai. A Saudiyya fa! Maganinsa wani ɗan soket ne kamar babban yatsa. Ka cire wayar, ka cusa shi, kwamfuta ta ci gaba da ba da umarni ba mai jin ta.

Na buɗe baki zan faɗa, sai Mu'allim ya ce, "Farfesa, miƙo sifana, ba lacca muka zo ji ba." Aka yi dariya. Na miƙa. Na kuma aika wani direba ya sayo mini soket ɗin daga Jidda. Ranar Lahadi ya shiga aljihuna.

Kwana uku dattijon nan yana fama. Ya sauke giyabos, ya buɗe, bai ga komai ba, ya mayar. Ina riƙe masa fitila ina cewa, "Sannu Mu'allim." Ranar Talata aka gwada, motar ta sake tsallakewa. Faisal ya hau faɗa, mai warsha ya fito daga ofis.

Nan na yi abin da na kwana uku ina shiryawa. Na shiga ramin ƙarƙashin motar na cusa soket ɗin, minti goma na fito ina kaɗe hannu. Faisal ya zagaya da ita, ya dawo yana ihu, "Ya ammi, wallahi kai ne mu'allim!" Na ji daɗi, ba zan yi muku ƙarya ba.

Da aka watse Mu'allim ya same ni wajen famfo. Ya ce, "Tun yaushe yake aljihunka?"

Na ce, "Tun Lahadi."

Ya ce, "To." Ya ci gaba da alwalarsa.

Abin da na sani amma ban sa a lissafi ba shi ne igamarsa saura wata biyu, kuma mai warsha ya daɗe yana cewa motocin yanzu sun fi ƙarfin tsofaffi. Bai sabunta ba. Na je na roƙe shi, na ce laifina ne. Ya ce, "Halas, an gama. Ai kai ka nuna mini."

Mu'allim ba gida yake ginawa a Kano ba, ba ya tara komai. Kullum maganarsa ɗaya, Allah ya ɗauki ransa a Madina, a yi masa salla a Harami, a kai shi maƙabartar Baƙi'a. Har tsokanarsa muke yi wai ya riga ya zaɓi maƙwabta. Ni na kai shi filin jirgi. Ya ba ni akwatin sifanunsa, ya ce, "Riƙe, Mu'allim." Gara da Farfesan ya ce. Bayan shekara biyu aka aiko cewa ya rasu, an binne shi a can Kano.

Ku da kuke aikin yanzu, kowane mu'allim akwai motar da za ta zo ta fi shi, ku ma taku tana hanya. In kun riga shi ganewa, ku bi shi cikin rami ku faɗa masa a kunne, ya fito ya ce shi ya gano. Ba abin da zai rage ku.

Ni dai har yau in an idar da salla a Harami aka fito da gawa, sai na bi ta zuwa Baƙi'a, ko ban san mai ita ba.