Jar saiwar da na gasa a Nukkai

Shekarar da aka dawo da maigidana aiki Jalingo, ba a daɗe da yi musu jiha ba, muka kama haya a Nukkai, gidan wata tsohuwa Bafulatana da kowa ke kira Dada. Ban san kowa ba a garin, Fulatanci kuwa ko gaisuwa ban iya ba. Abin da ke ɗebe min kewa shi ne ɗan fili a bayan madafa, wanda na share na kewaye da kara. Ashe Dada ma tana da ido a kansa, nan take so ta kafa turken awakinta.

"Amarya, idan ya ba da abin da za a sa a baki, naki ne," in ji ta. "In ba haka ba, awaki na jira."

Irin da nake da shi kuwa wani abokin aikin maigidana ne ya zo da shi daga Jos, a ƙulle a leda, ƙanana, jajaye-jajaye. Ya ce Turawa ke ci, sunan ya kwanta masa. Ni kuma Allah ya yi ni da son sanin ƙwaƙwaf, sai na bar alayyafo da yakuwa da na sani, na shuka baƙo.

Bai yi wata-wata ba ya tsiro. Kullum da safe ina tsugune a kansa, ina murza ganyen ina shinshinawa. Da na ga wani jan abu ya leƙo daga ƙasa, na kira maƙwabciyata, wata Mumuye da muke ce wa Mama, wadda danginta kaf manoman doya ne.

Ta duba, ta ce da irin tata Hausar, "Amarya, ka bar shi. Abin ƙasa ba ya son gaggawa. Ka tara masa ƙasa, zai yi girma."

Wa zai yi musu da Mumuye a kan abin da ke kwance a ƙasa? Muka yi masa kunya-kunya irin ta doya, muka zauna jira. Ragowar irin na watsa daga baya a gefen randa, don kawai kada ya lalace.

Muna ta jira har ya yi tsawo, ya fid da fure fari, ya yi 'ya'ya sirara. Ranar da muka tona, raina ya ɓaci ƙwarai. Duk ya tsattsage, cikinsa ya zama kamar soso. Mama ta gutsira, ta tofar, hawaye na zubo mata. Ta ce wannan ba abinci ba ne, magani ne. Ni da zuciya, na tuttuge shi duka, ganye da fure da 'ya'ya, na watsa wa awakin Dada, suka cinye tas.

Sauran na gefen randa ne kawai, ƙanana, ko girman goro ba su kai ba. Na ciri ɗaya na tauna, ga ruwa, ga garas-garas, ga yaji mai hawa hanci. Sai na ce bari in ga me wuta za ta yi masa, tunda albasa ma tana saduda in ta ji wuta. Na wanke, na raba biyu-biyu, na shafa man gyaɗa da gishiri, na jera a kasko bisa garwashi. Jan ya koɗe, gefen ya yi ruwan ƙasa. Da na ɗanɗana, yajin ya tafi, ya yi laushi, har da ɗan zaƙi-zaƙi. Wallahi na yi mamaki, na tsaya ina kallon kaskon. Sai bayan shekaru na ji wai radish ake ce masa, kuma da ƙuruciyarsa ake cirewa.

Na zuba a gefen shinkafa da wake na kai wa Dada. Ta ɗauki ɗaya ta jujjuya, ta yi bisimilla. Ta ɗauki na biyu. Haƙoranta sun yi saura kaɗan, laushin ya yi mata daidai, har ta bar shinkafar ta bi su ɗaya bayan ɗaya.

"Ba ya ƙosarwa," ta ce, "amma yana buɗe baki. Filin naki ne. Wannan za ki sake shuka min."

Nan na tuna da maganar iri. Ledar babu komai, mai kawowa an mayar da shi Jos, kuma sai a lokacin na gane cewa irin yana cikin 'ya'yan nan sirara da na zubar. Na sunkuyar da kai na faɗa mata inda suka tafi.

Ta dubi awakin suna ta tuƙa a inuwa, ta yi dariya har tana share ido da gefen mayafi.

"To ai sun karɓi rabonsu, ba su da sauran magana. Je ki shuka yakuwarki, 'yata."

Ranar ce ta fara kirana haka.