Abin da Nababa Ya Kasa Faɗa a Gaban Surukinsa

Nababa ɗan kawuna ne, abokin wasana, kuma duk ƙauyenmu na gefen Minjibir babu mai taurin kai irinsa. Manomin gyaɗa ne tun yana saurayi. Yanzu ya haura saba'in, amma har yau ba ya yarda wani ya riƙe masa fartanya. Ni na gaji da shi, wallahi, sai dai ba ni da wani.

Bara 'yarsa Sa'adiyya ta ga yana ramewa, ta matsa mijinta Zubair ya kai shi asibiti a Kano. Aka ɗebi jini, aka yi gwajin da suke kira PSA. Sakamakon ya fito sama da yadda ake so. Likita ya fara tambaya: fitsari yana yi maka wuya? Kana yawan tashi fitsari da dare? Zubair na zaune a gefe. Ina dattijo zai yi zancen fitsari a gaban surukinsa? Kowace tambaya sai Nababa ya ce lafiya lau, alhamdu lillahi.

A hanyar dawowa Zubair ya duba waya, ya ambaci ciwon daji. Shi ke nan. Nababa ya dawo ya kwanta a zaure, ya ce ba zai koma ba, tunda an gama magana. Damina ta faɗi, gonarsa na zaune babu shuka.

Na je na same shi. Na ce, "Kai tsohon banza, wa ya ce maka an gama? Tashi, ni zan raka ka. Ni ai ba surukinka ba ne."

Ya zage ni, na rama, muka hau mota.

Likitan ya yi bayani a hankali. Ya ce akwai wata 'yar ƙwaya a ƙarƙashin mafitsarar namiji, tana girma da tsufa. Girman kaɗai yana iya ɗaga sakamakon, ciwon sanyi a mafitsara ma haka. Daji yana cikin abin da ake dubawa, amma gwajin shi kaɗai ba ya yanke hukunci. Za a sake ɗibar jini, a duba shi da kyau. Sai dai dole Nababa ya faɗa masa gaskiya.

Nababa ya daɗe yana kallon takalminsa.

"Likita, yana zubo mini ba da sanina ba," ya ce. "Tun azumin bara na daina shiga sahu. A gida nake sallah, don kada in tsaya kusa da mutane ban tabbata da tsarkina ba."

Likita ya ce wannan ana maganinsa, kuma da ya faɗa tun zuwan farko da an fara.

Muka fito bakin titi. Can Nababa ya tambaye ni, murya ƙasa-ƙasa, ko har yanzu ana bar masa wurinsa na bayan liman.