Murhun da Ya Ƙi Ci a Maska

Ranar da har yau ba ta bar raina ba ita ce ranar da marigayi Malam Isiyaku ya fara tura ni cikin gida in haɗa murhun ɗumama ɗaki da hannuna. Ku da kuka shigo aikin nan bayan rasuwarsa kuna yi mini tsiya, wai ni taga nake fara gaisarwa kafin matar gida. To, ga inda abin ya samo asali.

Malam yana da shagon gas a Funtua, yana cika tukwane, yana sayar da murhu. Damuwarsa ɗaya ce: yawancin gidajen da ake kai kayansa ba shiga ne. Sai ya tsaya a zaure ya yi wa maigida bayani, maigida ya shiga ya faɗa wa matarsa rabi, ita kuma ta riƙe rabin rabin. Shi ya sa ya nemi mace. Ni maƙwabciyar matarsa ce, karatuna bai wuce firamare ba, ga 'yata Sadiya goye a bayana ko zama ba ta fara ba. Na ce masa, "Malam, ni fa ko warin gas na ji cikina murɗawa yake." Ya yi dariya ya ce, "Ai ke nake nema, Rakiya. Wadda ba ta tsoro ba zan ba ta ashana ba."

Tsarin aikinmu shi ne, shi ya zagaya bayan katangar ɗakin da za a yi aiki ya tsaya, ni ina ciki. Ya faɗi abu da ƙarfi, in yi, in ce "na yi." Ba ya faɗin na gaba sai ya ji wannan amsar.

Lokacin ɗari ne, an gama kai masara rumbu. Da hantsi Malam Haruna, mai a-kori-kura da ke ɗauko hatsi daga Maska, ya zo ya kwashe mu da kayan. Matarsa Saudatu ta haifi bakwaini, a asibiti kuma an ce masa a riƙa ɗumama yaron amma a raba shi da hayaƙi. Shi ne ya sayi murhun. Ga wadda ba ta taɓa gani ba, akwatin ƙarfe ne a tsaye, tsawonsa ya kai ƙugu, da 'yan tayoyi a ƙasa. Tukunyar tana zama a bayansa, gabansa kuma raga ce mai yin ja idan ta ɗauki zafi. Can ƙasan ragar akwai wata 'yar wuta ƙarama, ita ce uwar sauran.

Matan gidan suka taya ni tura shi har ƙofar mai jego. Ina ɗaga labule na ji kamar an ɗora mini tafin hannu a fuska. Ɗakin ƙasa ne ƙarami. Tagar sama an cusa mata tsumma da buhu, ƙasan ƙyaure an tare da tsohon bargo, labulen ma biyu ne. Ga kaskon gawayi yana ja a gindin gado. Saudatu ta ɗaure goshi tamau da ɗankwali, ta ce kanta ne ke sarawa tun da suka dawo gida. Yaron yana cikin zannuwa, fuskarsa ba ta fi dunƙulen hannuna ba. Ko motsi.

A bakin gadon uwar Malam Haruna ce zaune, Inna Dije. Na durƙusa na gaishe ta, na yi barka, sannan na ce a hankali, "Inna, sai an buɗe tagar can, a fitar da kaskon nan."

Ta dube ni tun daga sama har ƙasa. "Ke 'yar nan, kin taɓa rainon bakwaini? Biyu na binne irinsa da hannun nan, kuma sanyi ne ya ɗauke su. Wannan iska ba za ta taɓa shi ba ina numfashi."

Sai ga muryar Malam ta bayan katanga. "Rakiya, taga fa?"

"Inna ta hana, Malam."

Sai ya ce, "To. Kwance Sadiya ki ba wata ta riƙe miki a tsakar gida. Sannan ki ci gaba."

Inna ta ɗaga murya. "Au, ɗiyarta ta fi nawa jikan ke nan? Ɗakin namu ne ba ya shiguwa?"

"Allah ya huci zuciyarki, Inna," in ji Malam.

Na miƙa Sadiya waje. Na ajiye murhun inda ƙasa ta daidaita, nesa da gado da labule. Na yi. Na sa tiyo, na matse zoben bakinsa da sukundireba. Na yi. Na danna kan tukunya har ya kama. Na yi. Na shafa kumfar sabulu a duk mahaɗa, na zuba ido ko za ta yi ƙwai, don in ta yi to gas na fita. Ba ta yi ba. Na yi.

"Kunna da bismillah. Ki tsaya a kansa, kar ki matsa ko nan da can."

'Yar wutar ta kama, shuɗiya, ragar ta yi ja. Matan da ke leƙe ta ƙofa suka hau salati. Inna ta sa aka saki labule don kar ɗumin ya gudu. Ni kuwa idona yana kan 'yar wutar. Ba a jima ba na ga ta fara ɗagowa daga mazauninta, tana rawa kamar mai neman abin dafawa. Sai ta mutu, ragar ta bi ta. Na sake kunnawa, ta fi saurin mutuwa.

Gumi ya karyo mini. Na ɗauka ni ce na ɓata wani abu, na fara lissafin yadda zan kalli Malam.

"An sayar wa ɗana gawa," in ji Inna. "Ku kwashi abinku."

"Lafiyarsa ƙalau, Inna," Malam ya amsa daga waje. "Haka aka ƙera shi. In iskar ɗaki ta yi kaɗan, kashe kansa yake yi."

Na zaci za ta yi faɗa. Sai na ga ta sauko daga gadon da kyar, ta tsuguna kusa da ni har ina jin numfashinta. Ta ce, "Ƙara kunnawa in gani."

Na kunna. Muka zuba ido mu biyu. Wutar ta ɗago, ta yi rawa, ta tafi.

"Haka fitilar Malam take yi," in ji ta, ba da ni take ba. Ashe mijinta take nufi, uban Malam Haruna, wanda haƙar rijiya ce sana'arsa har ya bar duniya. Ta ce duk rijiyar da zai shiga yasa, sai ya fara ɗaura fitila a igiya ya zura ta ƙasa. In ta kai tana ci, ya tuɓe riga ya bi ta. In ta ɗago ta yi rawa ta mutu, to ko mai gari ne ya roƙe shi ba ya sauka, don ya san ramin ba numfashi. Ta juya ta kalli yaron. "Innalillahi. Ashe a rijiya na ajiye jikana."

Ba ta bari kowa ya taɓa tsumman nan ba. Ita ta taka turmi da aka kawo mata, ta fizgo shi da buhun, haske ya faɗo kan gado. Ita ta sa zani ta kama kaskon ta fita da shi. Da aka ɗan jima na kunna murhun, 'yar wutar ta zauna daram a mazauninta. Muna nan muna kallonta sai yaron ya yamutsa fuska ya saki kuka, siriri kamar na ɗan mage. Saudatu ta fashe da nata kukan, ta ce rabon da ta ji muryarsa har ta fara mantawa.

Kada ku zaci Inna ta sallama duka. Sai da aka yi ciniki ta saman katanga. Ita ta ce tagar sama kawai, bargon ƙofa yana nan. Malam ya ce a janye bargon. Ta ce to a matsar da gado daga saitin taga, ya ce wannan kam ta fi shi gaskiya. Na nuna wa Saudatu yadda ake kashewa kafin barci, na ja mata kunne kar a shanya ko hular yaro a kai. Malam kuma bai bar zaure ba sai da Malam Haruna ya tayar da mota zai kai uwa da ɗa a duba su.

A hanyar dawowa na tambaye shi me ya sa bai yi mata gardama tun farko ba. Ya ce, "Matar da ta binne biyu, da wane baki zan ce mata ba ta sani ba?"

Abin da na riƙe ke nan. Duk wadda kuka samu ta toshe taga, ba wauta ba ce, tsoron rasa wani ne, irin wanda ni ma nake kwana da shi a kan Sadiya. Kada ku ci mata fuska, kada kuma ku fito ku bar tagar a toshe.

Yanzu kowacce da wayarta, in kun kakare ku bugo shago. Ni dai har yau idan na matse zoben tiyo sai in ji bakina ya ce "na yi," in ɗan saurara, katanga ta yi shiru.

Bara na koma Maska canza musu tiyo. Yaron yana tsakar gida yana korar awaki, Inna tana kiransa Na-rijiya. Da na shiga ɗakin, kamar kullum sama na fara kallo. Tsattsewa ta yi sheƙa a jikin azara, tana shiga tana fita ta tagar.