Rigar Ruwan Maigidana

Maigidana soja ne. A bariki ya koyi wasan golf, ya koya mini, muka dawo da sandunansa gida Zuru da ya yi ritaya. A wata saura da ke kan hanyar Manga ya haƙa ramuka uku, ya dasa gwangwanin tumatir a cikin kowanne. Nan muke zuwa duk Asabar, har Allah ya yi masa rasuwa.

Daminar farko bayan rasuwarsa, wata Asabar aka tashi da ruwa, irin mai yayyafin nan da ba ya ɗaukewa. Na jawo jakar sandunan daga ƙarƙashin gado. Ina cikin kaɗe ƙura sai ga yayan maigidana ya shigo da lema.

"Maman yara, ina za ki da wannan kaya?"

"Fili za ni, Yaya."

"Cikin ruwan nan? Mace mai jikoki? Mutane na gona suna fama, ke kina bin ƙwallo kamar ƙwan zabo. Me za a ce da gidanmu?"

Na ce, "A ce abin da aka ga dama. Gonata na nome ta tun Laraba."

Ya zauna a kujera, wai ko kunya za ta hana ni. A gabansa na shirya. Na sa wando a ƙarƙashin zane. Na zura ƙafafuna cikin leda, na ɗora safa biyu, sannan takalman sojan marigayi, don na roba santsi suke yi a laka. Rigar ruwansa ta kai mini har ƙauri, hannuwanta sun haɗiye yatsuna, sai na ɗauki almakashi na datse su. Yaya ya ce wani abu da yarenmu na C'lela wanda ba zan maimaita ba. Na ɗaure ƙugu da tsohon ɗankwali don kada rigar ta tare ni wajen bugu. Mariƙin sanduna na naɗe su da robar tayar keke, na rufe bakin jakar da buhun taki. Ƙaramin tawul kuwa cikin riga na cusa shi, wurin da ruwa ba ya kaiwa, domin in hannu ya jiƙe sanda tashi take yi. Na kifa malafa a ka, na ce masa in zai tafi ya ja mini ƙofa.

Ban yi wasan kirki ba. Bugun farko laka na kwaso, ta fantsamo mini har baki. Na biyu na zame na zauna daɓas. Wasu mata uku da suka fake a gindin ɗorawa da fartanyunsu suka kwashe da dariya. Na tashi, na goge hannu, na gyara tsayuwa. Babbar cikinsu ta ɗaga murya, "Buga, Mama, kada ki bar shi!"

Na buga. Ƙwallon ya tashi sosai, ya wuce ramin, ya faɗa cikin dawar wani. Ban same shi ba. Na ciro wani na ci gaba, sai da na gama ramukan uku na juya gida, haƙorana na kaɗawa. Kwana huɗu na yi ina mura, Asabar ta zagayo na sake fita.

Da kaka, bayan an yanke dawa, wani dattijo ya yi sallama a ƙofata. Ya miƙo mini ƙwallaye biyar a cikin hularsa, waɗanda ya tsinta a gonarsa, ya ce baɗi in riƙa karkata wajen gonar maƙwabcinsa.