Rijiyar da ke cikin takardar ƙosai

Bana shekara goma sha huɗu ke nan da rasuwar Malama Rifkatu. Na san masu karanta wannan jarida ba su taɓa jin sunanta ba, don ba ta riƙe wani muƙami ba. Mai buga tafireta ce a wani ofishin gwamnati inda ake tattara kasafin kuɗin ƙananan hukumomi, kuma maƙwabciyata ce tsawon shekaru a Nassarawa GRA. Ni sunana Hajara. Karatuna na yaƙi da jahilci ne, da girmana na koya ina da 'ya'ya huɗu, saboda haka inda kuka ga rubutun ya karkace ku yi mini uzuri.

Mu ba masu gida ba ne a unguwar. Maigidana, Malam Isa, shi ke kula da lambun gidan wani Alhaji, muna zaune a boskwata, ɗakunan nan na ma'aikata da ke can ƙuryar gida. Ita kuma tana haya a boskwatar gidan da ke jikin namu. 'Yar ƙasar Zariya ce, Kirista, mijinta ya rasu, 'ya'yanta sun girma suna Kaduna. Ta girme ni nesa, Yaya nake ce mata, ita kuma ta ce mini Maman Amina. Ina tuyar ƙosai da safe a bakin get, masu gadi da direbobi da masu girkin manyan gidaje su ne masu sayena. Ita take kawo mini takardun naɗe ƙosan, waɗanda ta yi kuskure a kansu aka ce ta sake bugawa.

A lokacin, soja bai daɗe da sauka daga mulki ba. An zaɓi ciyamomi da kansiloli, ana ta maganar shari'a a rediyo da masallatai, duk wanda ka gani ya sa rai cewa zamanin gaskiya ya zo. Malamarmu a aji ta ce duk takardar da muka samu mu gwada haɗa baƙi. Takardun Yaya da Turanci suke, ba na gane komai a ciki sai lambobi. Wata safiya na riga na ɗora ƙosai a kan wata, mai ya taɓa gefenta, sai idona ya faɗa kan kalma biyu da na iya haɗawa: Kwarin Ɗinya. Sunan garinmu ne. Ban taɓa ganin an rubuta shi ba, ko a allon bakin hanya. Na juye ƙosan a wata takardar, na sa wannan a haɓar zane.

Da ta taso daga aiki na tare ta tun daga ƙofa.

"Yaya, me aka ce a kan garinmu?"

Ta gyara tabarau ta duba. "Rijiyar burtsatse aka sa muku a kasafin shekara mai zuwa. Ga kuɗin nan a gefe."

"Wato za a yi mana?"

"An dai sa," in ji ta, tana cire takalmi. "Ɗebo mini ruwa, Maman Amina, yau yatsun nan kamar ba nawa ba."

Iyakar maganar ke nan. Sai mutum ya san inda na fito zai gane abin da na ji. Tun tasowarmu takardar hukuma iri biyu muka sani a ƙauye, ta haraji da ta sammaci, kuma ba mu taɓa ganin ɗayansu ta faɗi abu ya fasa faruwa ba. A wurina, tunda gwamnati ta buga da inji har da kuɗi a gefe, an gama.

Rijiya ɗaya gare mu a Kwarin Ɗinya. Kowace shekara in an gama girbi, kafin maza su watse ci-rani, kowane gida yakan ba da kwanon gero, a biya wani mai yasar rijiya da ke zuwa daga ƙasar Katsina. Shi da mutanensa su shiga su kwashe laka da yashi, su ƙara mata zurfi. In ba a yi haka ba, kafin tsakiyar bazara ta ƙafe. Mahaifina, Malam Garba, shi ke zagayawa da buhu yana tara geron tun ina yarinya. Ba sarauta gare shi ba, ba dukiya ba, an dai yarda da maganarsa ne kawai.

Na je gida a kakar nan da takardata. Sau uku Baba yana sa ni in nuna masa da yatsa inda sunan garin yake. Ya kai wa malamin firamare, shi ma ya karanta ya ce haka ne. Ranar Juma'a bayan an sallame, Baba ya miƙe a ƙofar masallaci ya ɗaga takardar, ya ce 'yarsa ce ta karanto daga Kano. Aka yi shawara cewa bana ba sai an wahalar da mutane ba. Da mai yasar rijiya ya zo, aka ba shi fura ya sha, aka sallame shi ya wuce gaba. Matasa suka share fili kusa da masallaci, suka kewaye shi da ƙaya, don motar haƙa ta samu wurin tsayawa.

Sanyi ya wuce, zafi ya shigo, babu mota babu dalilinta. Guga ya fara fitowa da laka. Mata suka koma bin busasshen rafin da ke gaban gari na gaba, suna tonon yashi, cikinsu har da mahaifiyata da ciwon gwiwarta. Masu awaki suka fara kai su kasuwa ana taya musu yadda aka ga dama. Sai baki ya koma kan Baba. In ya iso majalisa ƙarƙashin dalbejiya, wani mai suna Ɗanlami, wanda ba ya raina abin dariya, sai ya ce, "Malam Garba mai burtsatse, ko za a matso mana takardar ƙosan nan ne, ko mai mu samu mu lasa?" Mutumin da ya shekara talatin ana matsa masa wuri ya zauna, ya daina zuwa majalisa. Ya koma sahun ƙarshe a masallaci, ana sallamewa ya ɗauki takalminsa.

Ƙanena ne ya kawo mini labarin. Ya ce Baba bai yi faɗa ba, abu ɗaya kawai ya ce: a gaya wa Hajara kada ta ƙara karanta masa takarda. Daga ranar na tura littafina ƙarƙashin katifa, na daina zuwa aji.

Mako biyu Yaya tana ganina a gida bayan la'asar, lokacin da ya kamata ina makaranta. Ran nan ta zauna a kan turmina ta ce ba za ta tashi ba sai na faɗa mata. Na kwashe komai na faɗa mata. Ta ce, "Ranar Asabar za mu je garinku."

Ku tuna wane lokaci ne. Garin cike yake da jita-jita a kan abin da shari'a za ta zo da shi. Wasu 'yan cocinsu sun riga sun tura kayansu gida, 'ya'yanta suna ta aiko mata ta bar Kano ta koma wurinsu. Malam Isa ya ce, "Yaya, yanzu ba lokacin shiga ƙauyen da ba a san ki ba ne. Ki bari ƙura ta lafa."

Ta ɗaga masa hannayenta. "Malam Isa, yatsun nan ne suka buga, bakin nan ne ya faɗa. Wa zan aika? Ke Maman Amina, ara mini mayafinki mai ruwan toka."

Mace ba ta zama a zauren mai unguwa, sai aka shimfiɗa mana tabarma daga bakin ƙofa. Dattawa suna ciki, da ƙyar aka lallaso Baba ya zo ya raɓe a gefe. Ta gaishe su ɗaya bayan ɗaya, ta faɗi sunanta da addininta da aikinta, ba ta rage komai ba. Sannan ta ce kasafi irin zaman da manomi yake yi ne kafin ruwa ya sauka, yana ƙiyasta dami nawa zai samu da abin da zai yi da su, alhali ko shuka bai yi ba. Ta ce kuɗin ƙaramar hukuma in sun taso daga tarayya, asusun haɗin gwiwa da jiha suke fara sauka. A nan za a cire albashin malamai da na ma'aikata, a cire na ayyukan da aka ce na tare ne, abin da ya rage shi yake isa hannun ciyaman. A can kuma garuruwa ne a layi, kowane da rijiyarsa ko ajinsa ko kwalbatinsa, duk an buga su a takarda kamar tamu.

Ta juyo wajen Baba. "Abin da Malam Garba ya faɗa muku gaskiya ne. Abin da 'yarsa ta karanta daidai ne, ba ta ɓata ko baƙi ɗaya ba. Ni ce na san sauran zancen ban faɗa mata ba, saboda na gaji ranar. In akwai wanda za a yi wa dariya, ga ni na zo."

Ɗanlami ne ya fara magana. "To Malama, yaushe za ta zo?"

"Ban sani ba. Duk wanda ya ce muku an sa, ku tambaye shi, an saki kuɗin? In ya ce an saki, ku ce suna hannun wa?"

"Ashe ke ma ba ki taho da burtsatsen a jaka ba."

"Jakar nan goro ne a ciki, ɗana, kuma ba naka ba ne, na dattawa ne."

Aka yi dariya, wannan karon ba Baba ake yi wa ba. Mai unguwa ya yi gyaran murya ya ce, "Malam Garba, sai ka ɗauko buhunka." Baba ya daɗe kansa a sunkuye, sannan ya tashi. Aka aika aka nemo mai yasar rijiya cikin tsakiyar zafi, ya ce sai kwano bibbiyu, aka ba shi. Ruwa ya dawo kafin damina. Ranar da muka je ɗin, da za mu hau mota Baba ya miƙa wa Yaya ƙwan zabi a ƙwarya, ni kuma bai dube ni ba, ya ce, "Ki koma makarantarki."

Shekara huɗu a jere bayan wannan, duk lokacin kasafi sai ta leƙo ta katanga ta ce, "Maman Amina, na sake buga garinku." Mu yi dariya, ba don abin yana da daɗi ba. Burtsatsen sai bayan rasuwarta ta zo, gab da wani zaɓe. Ta yi damina biyu ta tsaya. Har yau ana tara gero a Kwarin Ɗinya.

Yanzu in na kunna rediyo ina jin ana muhawara a kan 'yancin ƙananan hukumomi, wai a riƙa tura musu kuɗinsu kai tsaye. Nakan ce da Yaya tana nan, me za ta ce? Ba ta da zafin siyasa, ba na jin za ta zagi kowa. Ina ganin za ta so abin, sannan ta tambaya ko akwai wanda zai je zauren mai unguwa ya yi wa mutane bayani da Hausa. Gidan da ta zauna an rushe shi an yi jerin shaguna. Tafireta ta zama tarihi, Amina tana buɗe mini kasafin gwamnati a waya in ga sunayen garuruwa reras. Amma a Kaura Goje, inda muka koma bayan Malam Isa ya bar aiki, 'yan garuwa ne suke shayar da mu, kuma kowace shekara ana cewa an sa mu.

Yaya ba ta bar wa magada gida ba, ba ta bar fili ba. Ba ta haƙa wa kowa rijiya ba, don ba ta da ikon sa hannu a kan ko sisi. Amma in na lissafa hannayen da takardar nan ta bi, daga wanda ya rubuta zuwa wanda ya amince zuwa wanda ya riƙe kuɗin, ita ce mafi ƙanƙanta a cikinsu, kuma ita kaɗai ta hau mota ta je ta ce laifinta ne. Wannan shi ne abin da ya rage mini nata. Allah ya saka mata da alherinta, ya raya abin da ta bari.

'Yar gajeriyar jinya ta yi ta rasu. 'Ya'yanta suka zo suka kai ta ƙasar Zariya, amma an yi zaman gaisuwa a boskwatarta kafin su kwashe kaya. A rana ta biyu sai ga Baba, yana dogara sanda, shi da bai taɓa son shigowa Kano ba. Ya tambayi Malam Isa yadda ake yi wa Kirista ta'aziyya, aka ce masa kamar ta kowa. Ya zauna a kan benci cikin mutanen cocinsu tun hantsi har azahar. Babban ɗanta, da bai san shi ba, ya durƙusa ya ce, "Baba, daga ina? Kun yi aiki tare da Mama ne?"

Baba ya girgiza kai. "A'a, ɗana. Ni manomi ne. Akwai shekarar da na rasa wurin zama a garinmu, mahaifiyarka ce ta je ta karɓo mini."