Ranar da Inna Ta Binciki Asalin Motata

Na yi shekaru ina tuƙa motar da ban saya ba. Fara ce sol, sabuwa dal, kujerunta a cikin leda, kuma ba ta shan mai ko ɗigo, domin a cikin kaina nake ajiye ta. Da safe in na hau tsohon babur ɗina daga Yako zuwa Kiru, inda nake aikin malamin gona, gangar jikina ce kawai a kan babur. Ni kaina ina cikin farar nan, gwiwar hannu a taga, iska tana kaɗa mini gemu. Nakan gai da mutane irin gaisuwar masu mota, a ɗaga yatsu biyu a hankali, har wani dattijo ya taɓa tsayar da ni ya tambaya ko hannun ne yake ciwo.

Na san inda take a zahiri. Wani shagon gilashi ne a birni. In aiki ya kai ni Kano sai in biya, in yi sallama, in ce a buɗe mini in gani. Ba gani ne yake kai ni ba, shaƙa ce. Ƙamshin sabuwar mota ba shi da na biyu. In na cika ƙirji da shi, nakan riƙe numfashi har Kwanar Ɗangora kafin in saki. Masu shagon sun gane ni, da sun hango hulata sai su miƙo kujera su ci gaba da hirarsu.

Duk kaka in na sayar da masara da rake sai in ajiye wani abu. Amma in na matsa taku ɗaya, farashinta ya yi tsallen barewa. Ban damu ba. Mai hankoron sabuwa fil a leda ai ba ya gaggawa. Taubashina, ɗan kawuna, dillalin motoci ne, kullum yana mini tayin 'yar Kwatano ko ta hannu.

"Bawana," in ji shi, "abin da ka tara ya isa ka auri bazawara mai hankali. Budurwar nan da kake hange, sadakinta sai ka sayar da Yako da mutanen cikinta."

"Ku 'ya'yan maza kun saba cin saura," in ce masa. "Ni sai wadda zan yage ledarta da hannuna."

Ni ne ɗan fari a wajen Inna, don haka ba ta faɗin sunana, ba ta kuma taɓa roƙona komai baki da baki ba. In tana son wani abu sai ta faɗa wa matata, daidai lokacin da nake ɗaura alwala kusa da su. Inna mutuniyar Doguwa ce, daga wani ƙauye can gindin duwatsu, kuma a cikin waɗanda suka sha nono ɗaya yayarta kaɗai ta rage a can. Tun da gwiwoyin Inna suka ƙi, ta daina hawa babur. Ƙananan bas ɗin nan kuwa da ake cusa mutane kamar buhunan albasa, sau ɗaya aka gwada, aka sauko da ita tun kafin a bar gari. Shekaru suka yi ta wucewa ba su sa juna a ido ba.

Wata ranar bazara, ana tsananin zafi, ina alwalar la'asar, na ji tana cewa matata, "Jiya na yi mafarkin Yaya. Wai muna yara, muna tsinkar kanya a bayan dutse." Sannan ta ƙara da cewa, "An ce idon nata ya tafi gaba ɗaya. Jikin ma sai a hankali. In ruwa ya sauka rafin garinmu ya cika, sai kuma wanda ya ga baɗi."

Matata ta ce, "Inna, ai sai a ɗauki shata a kai ki."

"Direban haya ya tsaya mini a ka yana duba agogo, in gaisa a tsaye in juyo? A'a. An ce akwai mai tara kuɗin mota. Mu jira tasa."

Na wanke ƙafar dama har ta kusa saɓulewa. Ashe duk shekarun nan da nake yawo a farar motata, akwai fasinja a zaune a tsakar gida tana jiran in tsaya. Washegari na nemi taubashina.

Ya fara da wata 'yar Kwatano, ya nuna hotonta a waya. Inna ta kalla da wutsiyar ido, ta juya wajen matata. "Wannan daga wane gida ta fito? Wa ya san ubangidanta? Abin da ya ƙetaro teku ba wanda ya san abin da ya aikata a can, shi zan shiga in ratsa daji?" Ta kafa sharaɗi. Ko tunkiya ba a shigo da ita gida sai an san garken da ta fito. Duk motar da za a saya, mai ita ya zo da kansa, ta yi masa tambayoyi irin waɗanda ake yi kafin a kai kuɗin aure.

Taubashina ya riƙe kai. "Gwaggo, mota fa ce. Bakanike ake kira."

"Bakanike ya san halinta ne?"

Haka aka yi. Ranar wata Asabar sai ga shi ya tuƙo wata mota daga Tiga, mai ita yana zaune a gefe, wani tsohon ma'aikacin ruwa da ya yi ritaya, siriri, mai farin gemu da tabarau mai kauri. Motar kuwa, an ce shuɗiya ce a zamanin ƙuruciyarta. Yanzu launinta Allah kaɗai ya san sunansa. Tun tana bakin gari muka ji ta, tana tari irin na masu shan taba. Na kalle ta, na tuna farar nan ta cikin gilashi.

Aka shimfiɗa tabarma a tsakar gida, aka kawo ruwa da goro. Bayan doguwar gaisuwa, an tambayi iyali da zafi da mutanen Tiga har da kifin dam, Inna ta gyara mayafi.

"Malam, a hannunka ta tashi?"

"A'a, Hajiya, ni ne na biyu. Na farkon wani likitan dabbobi ne, mutumin kirki, sallar jam'i ba ta wuce shi. Allah ya yi masa rasuwa."

"Allah ya jiƙansa. Ta taɓa taka rai?"

"Wata zabuwa, a hanyar Bebeji. Na tsaya na nemi mai ita, ta yafe."

"Me take ɗauka?"

"Abin da unguwa ta kawo. Masu naƙuda, marasa lafiya, amare. Gawa ma ta ɗauka ba sau ɗaya ba."

Na ɗauka nan ciniki ya mutu. Sai na ga Inna tana gyaɗa kai. "Madalla. Ashe mai lada ce. To me ya raba ku?"

Dattijon ya cire tabarau ya goge da bakin riga. "Ido, Hajiya. Yanzu in na hango mutum a titi, sai na matso nake gane ashe bishiya ce. Na ce gara in sauka tun ban ɗauki alhakin wani ba."

Inna ta ce, "Aibinta fa?"

Taubashina ya yi farat. "Gwaggo, ai ba ta da wani..."

"Kai rufe mini baki. Dillali ko kura aka ba shi sai ya rantse tunkiya ce."

Dattijon ya lissafa tsakani da Allah, taubashina yana ta tarin ƙarya yana zungurarsa da gwiwa. Ba ta son sanyin safiya, sai an kwantar da ita a gangare. Ƙofar baya daga waje take buɗuwa. Ba ta son a yi mata tsawa da totur, lallashi take so.

"Duk wanda ya manyanta haka yake," in ji Inna. Ta juya wajen matata. "A gaya masa ya saya."

Aka yi ciniki, dattijo ya ce ya sallama, aka shafa fatiha. An binciki mai ita na farko da na biyu, an san tarihinta har na zabuwa, amma a cikinmu babu wanda ya tuna a buɗe bonet. Bakaniken da ya buɗe daga baya, sai da ya cire hula ya yi salati.

Ba mu jira gyara ba, domin gabas ta fara haɗa gira, hadari yana taruwa. Da hantsi matasan unguwa suka tura mu daga gangaren masallaci, ta yi atishawa, ta kama. Inna da matata suna baya, but ɗin motar cike da daddawa da kuka da man gyaɗa da turmin atamfa. Da akori-kurar ofis na koyi tuƙi, don haka na riƙe sitiyari kamar mai kokawa da bijimi. Ta nuna mini ba haka ake yi da ita ba. Da na sassauta, sai ta miƙe lumui.

Muka wuce Tudun Wada ana cin kasuwa, shanu suna tsallaka titi ba ruwansu da kowa. Daga nan gari ya fara ƙarewa, itatuwa suka fara yawa, har muka shiga dajin Falgore. Titi ya miƙe, inuwa tana faɗowa a kan gilashi tana wucewa. Sabon toho ya fito a rassa tun ruwa bai sauka ba. Injin yana wani gunji ƙasa-ƙasa kamar tsohuwa tana jan carbi, har na fara jin kamar ba tafiya muke ba, dajin ne yake zuwa yana wuce mu. A madubi na ga Inna ta lumshe ido, leɓɓanta suna motsi.

Sai hayaƙi ya turnuƙe daga gaba. Lagireto ya tafasa, tafasar da za ta dafa wa gidan biki shinkafa. Na gangara gefe. Na zagaya na buɗe wa Inna ƙofa, ina jiran faɗa. Ta sauko a hankali, ta zauna a gindin wata ɗorawa, ta cire takalmi ta ɗora tafin ƙafa a ƙasa. Can kudu duwatsu sun fito, shuɗi-shuɗi, hadari yana zaune a kansu.

Wasu matan Fulani masu tallan nono suka biyo, suka tsaya jaje. Babbarsu ta sauke ƙwarya, ta karɓi galan ɗina ta nufi wani kwari, ta dawo da ruwa. Inna ta sayi kindirmo, suka shiga hira da guntun Fulatancin da ban taɓa sanin ta iya ba. Iska ta kaɗo daga wajen duwatsu, mai sanyi, da ƙamshin ƙasar da ruwa ya taɓa.

"Kai wannan," in ji Inna. Na waiga in ga da wa take. Da ni take. "Kar ka matsa mata. Ta yi ƙoƙari. Bari ta sha ruwa ta huce."

Muka bar ta ta huce. Matan nan suka taya mu turi suna dariya, ta tashi. Bayan Doguwa muka saki kwalta. Da muka iso rafin, ruwa ya fara gudu amma iya idon sawu ne. Na yi bisimilla na lallaɓa ta, ta tsallaka tana huci, yayyafi yana sauka a kan gilashi.

Yayar Inna tana zaune a ƙofar ɗaki a kan buzu, ta zama 'yar ƙarama kamar a sa a aljihu. Inna ta hana kowa yin sallama. Ta nufe ta ita kaɗai, tana dogara sanda. Tsohuwar ta karkata kai tana saurare.

"Wace ce wannan mai jan ƙafa irin na gidanmu?"

"Wadda kika ce ba za ta zo ba."

Tsohuwar ta ce, "Kin tsufa."

"Ke da ba kya gani, ina kika sani?"

"Muryar ce ta yamutse. Matso nan, ja'ira. Sai da kika bari na gama makancewa, don kar in ga furfurarki."

Inna ta saki sandarta a ƙasa. Ta durƙusa da gwiwoyin nan da suka ƙi kowa, suka riƙe juna. Aka ja su ɗaki saboda ruwa ya fara ƙarfi, aka saki labule. Ni da matata muka tsaya a ƙarƙashin rumfa da buhun daddawa a hannu, ba wanda ya ce mu zauna. Daga ciki muka ji kuka, sannan muka ji faɗa a kan wadda ta fasa wani tulu tun zamanin da ba a haife ni ba, sannan dariya ta ɓarke, siririya, irin ta 'yan mata a bakin rafi.